Bututun Tururi A Ƙasar Fadama: Abin Da Ya Kamata Haɗejiya Ta Sani Tun Da Wuri

A 'yan shekarun nan noman shinkafa ya sake wa kwarin Haɗejiya kamanni. Tun daga 2015, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin ba manoma rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya, zuwa rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agusta 2019 har Disamba 2020, shinkafar gida ta yi darajar da ba ta taɓa yi ba. A cikin 2016 kamfanin Dangote ya buɗe shirinsa na haɗa gwiwa da manoman shinkafa a Haɗejiya. A watan Janairu 2023 kuma Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya zo Auyo ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya bayan an gyara shi an faɗaɗa shi ya wuce hekta 5,000. To, inda shanshera ta yi yawa masana'antar gyaranta na nan tafe, kuma babbar masana'antar shinkafa ba ta tafiya sai da tukunyar tururi.

Matanmu sun daɗe suna turara shinkafa a tukunya ko a ganga kafin a kai ta inji. Abin da masana'anta ke yi ke nan, sai dai ita da tan-tan take lissafi. Ana jiƙa shanshera a ruwan zafi, a busa mata tururi, sa'an nan a busar da ita da iska mai zafi, wadda ita ma galibi tururin ne ke ɗumama ta. Tururin yana fitowa daga wata babbar tukunyar ƙarfe da ake hura wa wuta da ɓuntun shinkafar, ya bi ta cikin bututai zuwa inda ake bukatarsa. Waɗannan bututai su ne abin da muke so mu jawo hankalin mai karatu a kansu, domin yadda aka shimfiɗa su yau shi zai nuna ko nan da shekara ashirin za su zama dukiya ko kuwa masifa. Birnin Haɗejiya ba shi da bututan tururi a ƙarƙashin titunansa irin na manyan biranen ƙasashen sanyi. Wannan sa'a ce, don muna da damar koyon darasi daga tsufan nasu tun namu ba su tsufa ba.

Ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai rufin kwano ya san ƙarar da kwanon kan yi da hantsi, da wadda yakan yi bayan faɗuwar rana. Bakanike ma idan noti ya ƙi kwancewa wuta yake sa masa, sai ya saki. Waɗanda suka san layin dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930 za su tuna da ɗan gibin da aka bari tsakanin kowane ƙarfe da na gabansa. Dalilin duka ɗaya ne: ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, yana takurewa idan ya huce.

Masana sun auna abin. Kowace mita ɗaya ta ƙarfen bututu tana ƙaruwa da kimanin milimita 1.2 idan zafinta ya hau da digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Abin kamar ba kome ba, sai an yi lissafi. A ɗauki bututu mai tsawon mita 100 da aka haɗa shi a sanyin safiya, zafinsa digiri 30. Tururin da ke aiki a masana'anta yakan kai digiri 180. Bambancin digiri 150 ke nan, kuma wannan zai sa bututun ya ƙara tsawo da santimita 18, watau wajen inci bakwai. Da zarar an kashe wuta sai ya koma yadda yake.

To, me zai faru idan aka hana shi wannan motsi, misali aka danne bakinsa biyu da kankare, ko aka binne shi ƙasa ta riƙe shi kam? Ƙarfin ba ya ɓacewa, cikin jikin ƙarfen yake komawa. A misalin da muka kawo, kowane ɗan wuri a kaurin ƙarfen wanda bai wuce faɗin farcen yatsa ba zai ɗauki matsi daidai da nauyin tan uku da rabi, alhali kuwa ƙarfen bututu na yau da kullum yakan fara lanƙwashewa tun daga wajen tan biyu da rabi. Abin mamaki kuma shi ne wannan matsi bai dogara da tsawon bututun ba. Guntu da dogo duk ɗaya ne, muddin an hana su motsi. Saboda haka ko dai bututun ya karkace, ko walda ta tsage, ko ya tumɓuke abin da aka ɗaure shi da shi.

Injiniyoyi ba su yi gardama da wannan halitta ba, hanya suka ba ta. Mafi sauƙi ita ce a lanƙwasa bututun a wasu wurare, ya fita gefe ya zagayo ya koma kan hanyarsa, yadda idan ya miƙe lanƙwasar za ta shanye ƙarin. Mai wucewa yakan ga kamar ɓarnar ƙarfe ce, nan kuwa ita ce mafi aminci, don babu abin da zai lalace a jikinta. Inda wuri ya yi ƙaranci, kamar a cikin rami, akan sa wani irin haɗi mai ninki-ninki da ke buɗewa yana tsukewa kamar zuga-zugin maƙeri, ko kuwa haɗin da bututu ɗaya ke zamewa cikin ɗan'uwansa kamar eriyar rediyo. Kowanne daga cikinsu yana bukatar turke mai ƙarfi da zai riƙe bututun a wuri guda don a san inda motsin zai nufa, da kuma majingina masu barinsa ya zame gaba da baya ba tare da ya kauce gefe ba. Waɗannan haɗe-haɗe suna da iyakacin kwana. Mai ninki yana gajiya kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye, mai zamewa kuma abin da aka toshe bakinsa da shi yana cinyewa ya fara yoyo. Idan suna sarari ana ganinsu a canza su. Idan suna ƙarƙashin ƙasa, sai an tuna da su.

Abin da ya faru a Niyok

Babu inda aka ga tsufan bututan tururi kamar birnin Niyok na Amurka. Tun 1882 aka fara sayar wa gidaje da ofisoshi tururi ta ƙarƙashin titunan tsibirin Manhatan, don ɗumama ɗakuna da ruwa da sauran ayyuka. Yau kamfanin Con Edison ke riƙe da wannan aiki, bututansa sun kai tsawon wajen kilomita 170, kuma hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya tana cikin masu shan wannan tururi. Birnin Faris na Faransa ma yana da irin nasa.

Ran 18 ga Yuli 2007, da yamma mutane suna tashi daga aiki, wani bututu da aka binne tun 1924 ya fashe a titin Lexington kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin. Tururi da taɓo da duwatsu suka yi sama har suka wuce tsawon benaye da yawa, titi ya zama rami, wata mata ta rasu saboda bugun zuciya wajen gudun tsira, mutum fiye da 40 suka jikkata. Kafin wannan, a 1989, irin wannan fashewa ta kashe mutum 3 a unguwar Gramercy Park. Bayansa kuma, a Yuli 2018, wani bututun da aka sa tun 1932 ya sake fashewa, har aka kwashe mutane daga gine-ginen da ke kewaye saboda ƙurar asbesto da aka naɗe tsofaffin bututan da shi, wadda shaƙarta ke jawo cutar huhu.

Binciken da aka yi kan fashewar 2007 shi ne ya fi shafar mu. Da safiyar ranar an yi ruwan sama mai yawa, ruwan ya taru a ramin da bututun yake ya kewaye shi. Sanyin ruwan ya sa tururin ciki ya riƙa komawa ruwa da sauri. A kan sa wa bututun tururi wasu ƙananan na'urori da aikinsu shi ne su zubar da irin wannan ruwa su bar tururi ya wuce, sai aka tarar na wurin sun toshe da guntayen wani danƙo da aka taɓa ɗura wa bututun don tsayar da yoyo. Ruwa ya cika bututun, kumfar tururi ta maƙale a cikinsa ta mutu farat ɗaya, ruwan ya runtumo daga kowane gefe ya cike gurbinta da ƙarfin da ya tsaga ƙarfen. Injiniyoyi suna kiran wannan bugu gudumar ruwa.

A lura, miƙewar ƙarfe ba ita kaɗai ta fasa bututun nan ba. Abubuwa ne suka bi juna. Shekara da shekaru na miƙewa da takurewa su ke gajiyar da mahaɗai har su fara yoyo, yoyo ya jawo gyaran gaggawa, gyaran gaggawa ya toshe mafitar ruwa, ranar da ruwan sama ya zo sai ya tarar da hanya a buɗe. Wannan a birnin da ke da kuɗi da ƙwararru da taswirar kowane bututu ke nan. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Dalilin da ya sa namu ya fi wuya

Abin da ya zo wa Niyok a safiya guda, mu kowace damina yake zuwar mana. Ƙasar Haɗejiya shimfiɗaɗɗiya ce, kogi yana tafiya a hankali yana rarrabuwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma a fadama ba shi da nisa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sake, ruwa ya riƙa zama a wuraren da a da suke bushewa da rani, kacalla ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su bar zukatan mutanen Auyo da Miga da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma ba, haka ma mutanen Haɗejiya da suka kwana suna tsaron jinga da buhunan yashi. Duk ramin da aka haƙa a irin wannan ƙasa, a sa rai wata rana zai cika da ruwa. Bututu mai zafin digiri 180 a cikin rami mai ruwa kuwa mun riga mun ga ƙarshensa. Ko bai fashe ba, rigar da aka naɗe shi da ita don tsare zafi idan ta jiƙe ta daina aiki, ɓuntu ya yi ta ƙonewa a banza ana dafa ƙasa, tsatsa kuma ta yi ta cin ƙarfen ta waje inda ido ba ya gani.

Na biyu, ƙasar laka ita ma ba ta zama wuri ɗaya. Da damina takan kumbura, da rani ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige. Turken da aka kafa a cikinta don ya riƙe bututu yana iya nutsewa ko ya karkata. Idan turke ya motsa, lissafin injiniya duk ya rushe, don motsin bututun zai koma inda ba a tanadar masa ba. Bututun da ya lotsa a tsakiya kuma ya zama kwarin da ruwa zai kwanta a ciki.

Na uku, kuma wannan ba a cika lura da shi ba, shi ne yawan kunnawa da kashewa. Bututan Niyok sukan yi watanni da zafinsu ba a kashe ba. Masana'antarmu kuwa yau tana aiki, gobe ta tsaya saboda lantarki, jibi saboda shanshera ta yanke ko ta yi tsada. Kowace tsayawa da tashi miƙewa ce guda da takurewa guda, cikakku. Haɗi mai ninki kuwa da yawan motsin da ya yi ake ƙidaya kwanansa. Ke nan bututun da ya shekara goma a nan yana iya fin wanda ya shekara talatin a can gajiya. Daɗin daɗawa, lokacin da ake sake buɗe tururi cikin bututu mai sanyi shi ne lokacin da ruwa ya fi taruwa, kuma tururin yana gudu fiye da kilomita 100 a awa. Ma'aikacin da ya murɗe bawul gaba ɗaya don sauri, harsashin ruwa ya harba wa gwiwar bututun da ke gaba.

Magana ba ta tsaya kan tururi ba

Kada ma'aikacin gwamnati da ba shi da hulɗa da masana'anta ya ga kamar zancen bai shafe shi ba. Doka ɗaya ce ke aiki a kan kankaren hanyoyin ruwan noman rani da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, take kula da su. Tsakanin daren hunturu da tsakar ranar bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, jikin kankare yana samun bambancin digiri 30 cikin sauƙi. Wannan ya isa ya sa kilomita ɗaya ta kankare ta motsa da wajen santimita 30. Shi ya sa ake yanka shi gunduwa-gunduwa, a cike tsakani da kwalta ko roba. Idan abin cikon ya bushe ya fita ba a mayar ba, yashi ya shiga gurbin, kankare ya rasa inda zai miƙe sai ya tsage ko ya ɗaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya zurare ta ƙasa ya kwashe ƙasar da ke tallafe da shi, ciyawa ta sa saiwa, manomin da ke can ƙarshen layi ya rasa ruwa. Gyaran da aka buɗe a 2023 da rancen Bankin Duniya aka yi shi, rance kuwa biyansa ake yi. Abin kunya ne a ce ana cikin biya kankaren ya riga ya farfashe saboda rashin 'yan gangunan kwalta.

Haka nan bututun ruwan sha. Baƙin bututun roba da ake amfani da shi yanzu ya fi ƙarfe miƙewa fiye da sau goma. Mita 100 da aka bari a rana tana iya takurewa da kusan rabin mita idan ta huce. Ɗan kwangilar da ya ja shi ya miƙe sambal da azahar, ya haɗa, ya rufe da ƙasa nan take, ya binne wa gari yoyo. Ƙa'idar aikin ita ce a kwantar da shi da ɗan sassauci a cikin rami, a bari ya huce, a rufe da sanyin safiya. Wannan ba ya cin ko kwabo, sani kawai yake bukata da mai sa ido.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, duk wanda zai kafa masana'anta mai aiki da tururi a wannan kwari, ko ta shinkafa ce ko ta rake ko ta tumatir, a shawarce shi ya ɗora bututansa a kan ginshiƙai sama da inda ambaliya ta taɓa kaiwa, da lanƙwasa isassu. Inda ya zama dole a ratsa hanya ta ƙasa, a yi magudanar kankare mai murfin da ake ɗagawa, mai gangara da famfon zuƙe ruwa. Hukumomin jiha masu ba da izinin gini su nemi ganin lissafin miƙewar bututai da sa hannun injiniya mai rajista kafin su buga hatimi.

Na biyu, dokar tana nan. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a riƙa gwada tukunyar tururi da kayanta lokaci-lokaci, kuma sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke da alhakin tabbatar da hakan. Ya kamata Gwamnatin Jihar Jigawa ta haɗa kai da su a san adadin tukwanen da ke jihar, manya da ƙanana, har da waɗanda masu walda ke haɗawa a gida, kuma binciken ya bi bututu har ƙarshensa, kada ya tsaya a bakin tukunya.

Na uku, a ajiye tarihi a rubuce. Kowace masana'anta da kowace hukumar ruwa ta mallaki taswirar abin da ta binne, da ranar da aka sa kowane haɗi, da ranar da ya kamata a cire shi. Sau da yawa wannan ilmi yana cikin kan wani tsohon ma'aikaci guda ne, ranar da ya yi ritaya ya tafi da shi gida.

Na huɗu, a horar da masu hura tukunya. Mutumin da ke tsaye gaban bawul da asuba shi ne zai zubar da ruwan da ya kwana a bututu, ya buɗe tururi kaɗan-kaɗan har ƙarfe ya ɗumama, ya kuma gane cewa ƙarar bugu a cikin bututu gargaɗi ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, suna iya shirya gajerun kwasa-kwasai kan wannan. Ɗalibanmu masu neman abin bincike kuma ga fage a ƙofar gida: a auna yadda lakar fadama ke motsa turaku, a auna mahaɗan kankaren Auyo rani da damina.

Daga ƙarshe, batun kasafin kuɗi. Mun saba da bikin yanka kintinkiri, amma kuɗin kulawa shi ake fara yankewa duk ranar da aljihu ya yi ƙunci, domin babu mai ɗaukar hoton jami'in da ya canza haɗin bututu kafin ya fashe. Lalle ne duk takardar da za ta nemi kuɗin sabon aiki ta zo da abin da za a kashe kowace shekara wajen riƙonsa, da sunan ofishin da zai amsa tambaya idan ba a yi ba. Bututun da ya fashe a Niyok a 2007 ya yi shekara 83 yana aiki kafin ya gaza. Namu, a wannan ƙasa mai ruwa da laka da zafi, ba zai ba mu irin wannan dogon wa'adi ba sai mun taimake shi. Allah ya ba shugabanninmu da ma'aikatanmu ikon yin rigakafi tun abin yana hannu.